KARƁAR WAYA DAGA HANNUN YARO: DA FIZGE KO DA LALLAMI?

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa matashi, ɗaya daga cikin masu hidimar sa-kai da ke taimakawa wajen karantar da ƙananan yara a Islamiyya, ya gabatar a wani zaman matasa da aka yi a garin Boɗinga, wanda 'yan uwa daga Sifawa, Yabo da Shagari suka halarta. Mun rubuto maku shi da ɗan gyara kaɗan. A sha karatu lafiya.

 Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Manzonsa (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, da aka ce ni zan yi magana yau sai da na so in zille, domin a wurin nan akwai yayyena, akwai kuma waɗanda suka karantar da ni. To amma abin da aka ce in yi magana a kai ya faru a cikin gidanmu, kuma ni ne mai laifi a cikin labarin, saboda haka na ga ba ni da uzuri. Ba zan shiga batun wane fim ne ya halatta wane ne bai halatta ba, wannan na malamai ne. Maganata a kan ɗan lokacin nan ne da za ka ce wa yaro, "To ya isa, kawo wayar." Wannan ɗan lokacin da bai fi minti ɗaya ba, shi ne yake jawo ihu da birgima da zagi da duka a gidaje da yawa, kusan kullum.

Wani zai ce, mu da yawancinmu ko aure ba mu yi ba, ina ruwanmu da tarbiyyar yara? To ka duba gidanku. Baba ƙaramar waya gare shi ta kira da amsawa. Inna ma haka, wani lokaci ma babu. Babbar wayar da ake kallo da ita a hannun wa take? A hannunka. Kai ne yara suke tarba a zaure suna "Yaya ba ni in gani." Kai kake bayarwa, kai kake karɓewa. Ashe kuwa maganar tamu ce tun kafin ta zama ta iyayenmu.

ABIN DA YA FARU DA NI

Shekara biyu ke nan. Autanmu a lokacin yana da shekara bakwai. Na dawo da yamma a gajiye, ya dame ni, na miƙa masa wayar don in samu lafiya, ban ce masa komai ba game da lokacin da zai dawo da ita. Aka kira Magariba. Na ce kawo, bai ji ba. Na sake faɗa, ya ce "Bari wanga ya ƙare." Na uku sai na kai hannu na fizge. Shi ma ya riƙe, muka ja, wayar ta suɓuce ta faɗi a kan dakali, gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa. Wallahi ban san sa'adda hannuna ya sauka a fuskarsa ba. Na bar shi yana birgima na tafi masallaci, kuma ku tambaye ni abin da liman ya karanta a wannan sallar, ban sani ba.

Washegari na ɗauka na yi maganin abin, tunda bai sake cewa in ba shi waya ba. Ya daina tarbata. In na shigo ta nan sai ya fita ta can. Bayan kamar mako biyu Inna ta fara cigiyar canji, yau Naira ɗari, gobe ɗari biyu. Da aka bi diddigi, ashe yaron nan yana kai wa wani yaro babba a unguwa ne, shi kuma ya bar shi ya leƙa wayarsa a bayan wani shagon caji. Abin da suke kallo a can kuwa ba katun ba ne irin wanda nake sa masa. Ku duba lissafin: kallon da na so in hana bai tsaya ba, sai ma ya koma inda idona ba ya kai, ga sata da ƙarya sun shigo, ga yaro ya daina zuwa kusa da ni. Duk wannan da mari ɗaya na saye shi.

Cikin wannan damuwa na je Shagari gaida kakarmu. Na ba ta labari ina tsammanin za ta ce yaran zamani ba su da kunya. Sai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ka taɓa ganin an janye sa shina tsakiyar shan ruwa? Ai harbinka za shi yi. Jira akan yi shi ɗaga kai da kainai, sannan a ja igiya." Na ce, "Iya, ai matsalar ke nan, wannan ruwan ba ya barin a ɗaga kai." Ta ce to in je in nemo yadda za a yi ya ɗaga. A mota daga Shagari zuwa Boɗinga ba abin da nake juyawa sai wannan magana, kuma abin da zan faɗa maku yau duk daga nan ya taso.

KALLON DA BA SHI DA ƘARSHE

Iyayenmu suna ba mu labarin cewa a da gidan talabijin na NTA sai da yamma yake buɗewa, kuma cikin dare a sa taken ƙasa a rufe, ko kana so ko ba ka so. Da aka shiga zamanin kaset na bidiyo, bayan fitowar finafinan Hausa a Kano daga 1990, kaset yakan ƙare, sai an tashi an mayar da shi baya. Faifan sidi ma yakan ƙare. In bai ƙare ba nepa ta ɗauke wuta, ko man janareta ya ƙone. Wato kallon da kansa yana zuwa da wurin tsayawa, ba sai wani ya zama mugu ya kashe ba.

Wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar nan a 2001, kuma da farko ta kira ce kawai. Yanzu wadda ke aljihunka an gina ta ne musamman don kada a sami wurin tsayawa. Wannan jan da kake yi da ɗan yatsa, abu na biye da abu ba iyaka, wani Ba'amurke ne mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadamarsa a kan yadda abin ya cinye lokacin mutane. A 2017 shugaban kamfanin finafinai na Netflix ya fito fili ya ce barci na cikin abokan gasarsu. A YouTube kafin bidiyo ya gama rufewa wani ya hau layi. A TikTok ko zaɓi ba ka yi, ana zuba maka ne kawai. Akwai dubban masana da ake biya albashi mai tsoka, aikinsu shi ne kada mai kallo ya ɗaga kai. Hausawa suka ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To a ɗaya ɓangaren wa ke nan? Yaro ɗan shekara biyar ko bakwai. Masana sun ce sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya ce "ya isa," ba ya gama ƙosawa sai an haura shekara ashirin. Mu da muke zaune a nan ma wasunmu bai gama ba. Ku faɗa mini gaskiya, wa bai taɓa cewa bari in duba saƙo ɗaya bayan Isha'i, sai ya ɗaga kai ya ga ƙarfe ɗaya na dare, Asuba kuma ta zo tana neman kuɓuce masa? In kai mai gemu abin ya kayar da kai, me ya sa kake ganin yaron da ya ce "bari wanga ya ƙare" raini ne yake maka? Ban ce a bar shi ba. Cewa na yi a san da me yake kokawa.

YADDA AKA YI DA ANAS

Akwai labarin da duk mun karanta a Islamiyya, amma ni ban taɓa haɗa shi da wannan ba sai bayan abin ya same ni. Anas ɗan Malik (RA) yana yaro yana yi wa Manzon Allah (SAW) hidima. Wata rana aka aike shi, ya fita, sai ya tarar da yara suna wasa a hanya, ya tsaya wurinsu, aike ya bi iska. Imamu Muslim ya kawo cewa bai ankara ba sai ya ji an riƙe shi ta ƙeya, ya waiga, sai ga Manzon Allah yana dariya, ya kira shi da sunan lallashi, ya tambaye shi ko ya je inda aka aike shi. Anas ya ce yanzu zai tafi, kuma ya tafi.

Ku lura da abin da aka yi. Ba a tsaya daga nesa ana ƙwala masa kira ba, an taka an je inda yake. An taɓa jikinsa. Fuskar da ya gani da ya waiga ba ta tsoratar da shi ba. Kuma ba a fasa aiken ba, ya je. Wannan Anas ɗin shi ne ya shekara goma yana hidima ya ce ko tsaki ba a taɓa yi masa ba. Ƙaninsa kuma, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, da tsuntsun ya mutu Manzon Allah ya riƙa tambayarsa labarinsa. Mutumin da al'umma gaba ɗaya ke wuyansa bai ɗauki abin wasan yaro a matsayin shirme ba. Mu kuwa yaro yana tsakiyar abin da ya cika masa zuciya, sai mu tsinke shi kamar an tsinke zare, sannan mu yi mamakin ya yi kuka.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Babban kuskurena a ranar nan tun wajen bayarwa ne. Na miƙa waya ba sharaɗi, na zo karɓa da sharaɗi. Yanzu abin da nake yi, kafin wayar ta bar hannuna sai mun gama magana. Kuma ba da minti nake masa lissafi ba, don yaro ƙarami bai san minti ashirin ba, kamar ka ce masa kilomita ashirin ne. Da abin da yake iya ƙirgawa nake yi. "Katun biyu za ka gani. Nawa?" Ya ce biyu. "In na biyun ya ƙare wa zai kashe?" Ya ce ni. "Sai me?" Ya ce sai mu ba tumaki harawa. Sai ya maimaita da bakinsa sannan ya karɓa.

Mu kuma Allah ya ba mu agogon da ba mu muka ƙirƙira ba, wato kiran salla. Yaro ya san ba Yaya ne ya sa ladan ya yi kira don ya ɓata masa rai ba. Sai dai a nan akwai abin lura. In ka bar shi ya fara sabon abu saura minti biyar a kira salla, to kai ka haɗa shi faɗa da ladan, kuma a hankali zai fara jin kiran salla shi ne mai yanke masa jin daɗi. Wannan ya fi fashewar gilashi muni. Ka duba tsawon abin da zai kalla, rubuce yake a ƙasan bidiyon, ka sa ya ƙare kafin a kira, ya sami sararin yin alwala a natse.

A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka sun bi gidaje masu yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyar don su ga yadda ake rabuwa da kallo. Abin da suka samu ya ba su mamaki. Gargaɗin nan na "saura minti biyu a kashe," wanda kowa ke ganin shi ne dabara, a wurin waɗannan yaran bai sauƙaƙa ba, sai ma aka fi samun rigima bayansa. Inda aka fi samun sauƙi shi ne inda kallon ya kai wurin tsayawarsa na asali, kamar ƙarshen shiri, da inda ya zama al'ada ce ta kullum a lokaci sananne, da kuma inda na'urar ce da kanta ta tsaya ba uwa ko uba ba. Binciken ƙarami ne, kuma ba a kan 'ya'yanmu aka yi shi ba, amma da na karanta sai na ce ai maganar Iya ce ta Shagari, a jira ya ɗaga kai.

To yaya za ka sa wayar ta ba shi wurin ɗaga kai? A YouTube akwai ɗan makunni a saman bidiyo wanda ke sa wani ya biyo baya da kansa, ka kashe shi. Abin da ya fi ma, ka sauke abin da ka yarda da shi tun da wuri, ka rufe data, ko ka danna alamar jirgi kafin ka miƙa. In ya ƙare ya ƙare, ba wani a bayansa, ga kuɗin datarka sun huta. In wurin masu tura finafinai kake karɓowa, kada ka ce "cika mini memori" ka tafi, ka san abin da aka zuba, ka kalla kafin yaro ya kalla. Akwai manhajar YouTube Kids mai agogon da ke rufe kallo in lokaci ya cika, akwai Family Link ta Google ga wanda ƙaninsa ke da wayar kansa. Wanda bai iya saitawa ba ya same ni bayan an tashi. In duk wannan ya yi maka yawa, ƙararrawar wayar ta isa, ku saita tare, shi ya danna.

Sa'annan in lokaci ya gabato kada ka yi magana daga bakin ƙofa. Je ka zauna kusa da shi. Ka kalla tare da shi na ɗan lokaci, ka tambaye shi, "Wannan wane ne? Me ya sa yake gudu?" Za ka ga da farko ba ya jinka, sai ya amsa da kalma ɗaya, sai ya juyo ya fara yi maka bayani. To ya fara fitowa ke nan, ya dawo ɗakin da kuke. Ka dafa kafaɗarsa. In ya ƙare ka bar shi ya kashe da yatsansa ya miƙo maka. Abin kamar wasa, amma yaron da ya kashe da kansa da wanda aka fizge wa, ba ɗaya suke tashi ba.

Kuma ka tanadi inda zai faɗa. In ka karɓe waya ka bar shi zaune yana kallon bango, kai kuma ka ɓige da latsawa a gabansa, me kake so ya yi in ba kuka ba? A ce abinci ne ke jira, ko wanka, ko rakiya shago, ko ƙwallo a ƙofar gida, ko ku zauna ku haɗa motar kara. Da yawanmu mun iya langa da dara da garin taya, amma ba mu taɓa koya wa ƙannenmu ba. Ni na ga abin da ya fi aiki a wurin namu shi ne a ba shi aikin da zai ji shi babba ne, kamar riƙe igiyar rago ko ɗauko mini buta da darduma.

KADA KA YI MASA ƘARYA

Na san dabarar da yawancinmu ke yi: "Caji ya ƙare." "Data ta ƙare." "Wayar ta lalace." Yana aiki, ban musa ba, amma na kwana nawa? Yaron yanzu ya san alamar batir tun kafin ya san baƙaƙe. Ran da ya gano, ya koyi abu biyu, cewa maganar Yaya ba abin riƙewa ba ce, da cewa in kana son abu ƙarya hanya ce. Abu Dawuda ya kawo labarin Abdullahi ɗan Amir, yana yaro mahaifiyarsa ta kira shi da cewa ya zo za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) yana gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. In alkawarin dabino ga yaro ana rubuta shi, to "caji ya ƙare" fa?

Haka alkawarin "gobe zan ba ka." In ka faɗa ka cika, ko da shi ya manta. Wani ɓangare na kukan yaro tsoro ne, bai san yaushe zai sake gani ba, shi ya sa yake riƙewa kamar ransa. In ya tabbata gobe bayan an taso Islamiyya akwai, kuma ya ga jiya an cika, shekaranjiya an cika, sakin ba ya yi masa wuya sosai.

In ka yi duk wannan ya kuma yi kuka fa? Zai yi. Kwanakin farko ma zai fi na da, don yana gwada ko katangar ta gaske ce. A nan hanyoyi biyu ne masu sauƙi kuma duka biyun ɓata ne. In ka mayar masa don ya yi shiru, ka koya masa farashin ƙarin kallo shi ne birgima, gobe zai biya. In ka doke shi, kun ji abin da ya same ni. Abin da ya rage shi ne mai wuya: ka sa wayar a aljihu, ka zauna, ka ce masa, "Na san kana so, da daɗi, amma biyu muka ce, gobe akwai." Kada ka yi ta dogon wa'azi, ba ya jinka a lokacin. In ka ji zuciyarka na tafasa, an koya mana wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, ya nemi tsari, ya yi alwala. Wannan karatun ba don manya kawai aka yi shi ba, har da ranar da ɗan shekara shida ya harzuƙa ka.

Game da ƙanana sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban kallo, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Na san da jin wannan wani zai koma gida ya hau Inna ko matarsa da faɗa don ta ba jariri waya. Ɗan uwa, tsaya. Matar nan tana daka, tana girki, tana wanki, ga goyo, ga wani yana jan zane. Wayar ce kawai hannun da ta samu. In ba ka so ta ba shi waya, kai ka zama hannun, ɗauke shi ka fita da shi zaure.

Wani abu kuma da muke gani a aji. Akwai yaran da ke gyangyaɗi tun kafin a biya allo sau biyu, in ka bincika da waya suka kwana a ƙarƙashin bargo. Wannan ƙasa da Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma a nan Boɗinga, bai kamata a ce barci ne ke cin ajinmu ba. Waya kada ta kwana a shimfiɗar yaro. A sami wuri ɗaya a gida inda wayoyi ke kwana, har da taka. Eh, har da taka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ranar da autanmu ya ce mini, "Yaya, kai katun nawa ka ce za ka gani?" ban sami amsa ba.

Wasu ƙasashe sun kai abin ga doka. A 2021 Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa awa uku a mako. A ƙarshen 2024 majalisar Ostareliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafukan sada zumunta. Mu a nan ba wani jami'i da zai shigo zaurenku ya karɓi waya daga hannun ƙaninka, kai ne dai.

TAMBAYA

Bayan kammala jawabin, wani ɗan uwa daga Shagari ya tambaya cewa ƙaninsa ɗan shekara sha huɗu ne, da kuɗin ƙwadagon albasa ya sayi wayarsa, kuma yana raba dare a gidan kallon ƙwallo. Shi yaya za a yi da shi? Sai mai jawabi ya ce:

To wannan ya wuce a ce masa katun biyu. Kuma in ka ƙwace abin da ya saya da guminsa, ka buɗe gabar da za ta daɗe. Shi shawara ake yi da shi, ku biyu, ba a gaban ƙannensa ko abokansa ba. Akwai wuri a cikin wayar da ke nuna awa nawa aka yi a kan kowace manhaja. Ka fara buɗe taka ka nuna masa, sannan ka ce ya buɗe tasa. Ka bar shi ya faɗi abin da yake ganin ya dace da bakinsa, sau da yawa za ka ji ya yanke wa kansa abin da ya fi wanda ka yi niyya tsanani. Ƙwallo kuwa sauƙinta shi ne tana da ƙarshe, minti casa'in ne alƙali ya busa. Matsalar ita ce wasannin Turai na tsakiyar mako sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare suke tashi, da kuma zaman da ake yi bayan an tashi. Ku zaɓi wasannin da zai gani a mako, a yi Isha'i tukuna, kuma in an busa ka je ka taho da shi da kanka, kuna tafe kuna hirar wasan. In mahaifinku yana raye ka sa shi a ciki, kada ka mai da kanka uba alhali uban yana nan.

Wani ya ce in faɗi yadda muka ƙare da autan namu. Sai da na fara ba shi haƙuri a kan marin, abin da ban taɓa yi wa ƙanena ba, kuma ya yi mini nauyi ƙwarai. Kuɗin Inna mun biya tare, shi da kuɗin tara kashin awaki da yake kai wa masu lambu, ni na cika. Ya ɗauki kusan wata guda kafin ya dawo tarbata a zaure. Yanzu yawancin ranaku shi yake kawo mini wayar da kansa. Makon jiya dai mun sake yin rigima, don na manta ban rufe data ba ya zarce zuwa na huɗu, sai muka koma biyu washegari. Gilashin kuma har yau ban canza ba, ga shi nan kuna gani.

Na ga ana yi mini nuni lokacin La'asar ya yi. Nan zan tsaya. Masu son a saita masu waya mu haɗu a bakin ƙofa bayan salla.